Hawa Jirgi Daban, Tuƙa Shi Daban

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, wasu jiragen sama guda uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar suka ratso ta Sudan, suka sauka a filin wasan dawaki na birnin Kano. Wannan ita ce saukar jirgin sama ta farko da tarihi ya adana a ƙasar nan. Ke nan a watan Nuwamban 2025 muka cika shekara 100 cif da fara ganin jirgi a ƙasa, kuma Kano ce ta riga Ikko ganinsa. Abin tambaya a nan shi ne, a cikin waɗannan shekaru 100, me muka koya game da jirgin sama ban da hawansa?

Dalilin wannan tambaya shi ne, duk wanda ya leƙa ɓangaren jiragen alfarma a filin jirgin Abuja zai tabbatar cewa ba kuɗi muka rasa ba. Attajiranmu da manyan 'yan siyasarmu sun mallaki jirage na miliyoyin daloli, har ta kai a shekarar 2024 sai da Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta kafa kwamiti na musamman don farautar masu yin haya da jiragen da aka yi wa rajistar amfanin kai. Amma mai jirgin a kujerar baya yake zama, matuƙin ɗan haya ne, sau da yawa ma baƙo ne daga wata ƙasa, kuma idan babban gyara ya taso sai a kai jirgin waje. Mun iya mallaka, mun iya hawa, amma sanin jirgin kansa yana hannun wasu.

Akwai wata al'ada ta daban a wasu ƙasashe wadda nake ganin ya kamata masu ilimi da rufin asiri a Arewa su dube ta da idon basira, wato mallakar ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, mai kujera biyu ko huɗu, da tuƙa shi da kai don sha'awa. A Amurka akwai jirage fiye da 200,000 waɗanda ba na kamfanonin jigilar fasinja ba ne, ba kuma na soja ba, ga filayen sauka kusan 5,000 da kowa ke iya amfani da su. Da yawa daga cikin masu waɗannan jirage likitoci ne da manoma da malaman makaranta da 'yan fansho. Mafi shahara a cikin jiragen shi ne Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000. Yana ɗaukar mutum huɗu, yana gudun kilomita 220 ko kusa da haka a awa, yana shan lita 30 zuwa 35 a awa guda. Da irinsa, tafiyar Kano zuwa Sakkwato ba ta cika awa biyu ba. Bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wanda ya kai shekara 17, ya ci gwajin lafiya da jarrabawar rubutu, ya kuma yi aƙalla awa 40 yana tuƙi a sama, zai iya samun lasisin tuƙi na ƙashin kansa.

Na san mai karatu zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? A yankin da yara ke yawo ba makaranta, asibitoci ba magani, manomi na tsoron zuwa gonarsa, wa ke da bakin maganar wasan jirgi? Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Sai dai ina roƙon a yi haƙuri a saurari wani labari da ya faru a Kaduna, ba a Amurka ba.

A farkon shekarun 1970, wani injiniya ɗan jihar Oregon mai suna Richard VanGrunsven, wanda sha'awa ce kawai ta sa shi gyare-gyaren ƙananan jirage, ya fara sayar da zane da sassan jirgi ga masu son haɗa nasu a garejin gida. Yau fiye da 10,000 na jiragensa sun tashi sama. Ɗaya daga cikinsu, samfurin RV-6A, shi ne sojan saman Nijeriya suka zaɓa, aka sayo sassan guda 60, kamfanin AIEP ya haɗa su a Kaduna, aka raɗa masa suna Air Beetle. A kansa ne matuƙan sojanmu da dama suka fara koyon tashi tun daga shekarun 1990. Wato jirgin da masu sha'awa ke haɗawa a ranakun hutu a can, shi ne ya zama makarantar farko ta mayaƙan samanmu a nan. Da Air Beetle ya tsufa, sai muka koma Pakistan muka sayo Super Mushshak. Hannayen da suka haɗa jirage 60 a Kaduna ba su sami kasuwar farar hula da za ta riƙe su ba, domin babu masu sha'awar da za su ce a haɗa masu nasu.

Alal haƙiƙa, jirgin sama kansa ɗan sha'awa ne. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu shagon kekuna ne lokacin da suka yi tashin farko na daƙiƙa 12 a ranar 17 ga Disamba, 1903. Ƙungiyar masu haɗa jirgi da hannu ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953 tare da wasu 'yan tsirarun abokai, yanzu taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh yana tara jirage kusan 10,000. Tun 1992 'yan ƙungiyar ke ɗaukar yara kyauta su zaga da su sama, kuma yaran da suka ɗana sun haura miliyan biyu. Daga cikin irin waɗannan yara ake samun matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a ce abin na Turawa ne kawai. A Nairobi akwai kulob ɗin masu tuƙin jirgi tun 1927. A Afirka ta Kudu, wani kamfani da masu sha'awa suka kafa kusa da Johannesburg yana ƙera ƙananan jirage masu suna Sling yana sayar wa duniya, kuma a 2019 wasu 'yan makaranta matasa suka haɗa guda ɗaya da hannunsu, suka tuƙa shi daga Cape Town har Alƙahira. Mu kuwa a nan, a 2007 kafofin labarai na duniya suka ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa. Aka yi ta mamaki, aka ɗauki hotuna, aka watse. Da a ce akwai kulob a Kano mai injiniya da malamin tuƙi, da yaro irin wannan ya sami inda za a gyara masa kuskurensa, a ɗora shi a kan hanya.

Abin takaicin shi ne, kayan aikin suna ƙofar gidanmu. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya an kafa ta tun 1964, kuma ta horar da matuƙa da injiniyoyi daga ƙasashen Afirka da dama. Kaduna na da tsohon filin jirgi da tarihin haɗa jirage. Jihohi da dama a Arewa sun gina filayen jirgi na biliyoyin naira, wasunsu kuwa sai lokacin jigilar alhazai ko ziyarar wani babba suke ganin cunkoso. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sararinmu a buɗe yake mafi yawan shekara. Ga gari ga ruwa, mai damawa ne babu.

Wani hanzari ba gudu ba, wajibi ne a faɗi gaskiya game da haɗari. Ƙaramin jirgi a hannun mai sha'awa ya fi jirgin fasinja haɗari nesa ba kusa ba, kuma galibin haɗurran daga matuƙi suke tasowa, ba daga inji ba. Mutanen Arewa ba su manta da ranar 25 ga Oktoba, 2012 ba, lokacin da jirgin Cessna 208 da Gwamnan Taraba na wancan lokaci, Danbaba Suntai, yake tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Yola. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har rasuwarsa a 2017. Rahoton masu binciken haɗarin ya nuna cewa lasisinsa bai kai ga tuƙa irin wannan jirgi ba, kuma tafiyar ta kai bayan faɗuwar rana alhali da ido ake tuƙin. Ban kawo wannan don cin zarafin mamaci ba, sai don darasin da ke ciki: sama ba ta san mai girma ba. A ƙasa, babban mutum na iya sa a buɗe masa hanya. A sama kuwa, hazon hunturu ba ya karɓar umarni. Matuƙin da ke dogara da idonsa yana buƙatar hangen kusan kilomita 5, kuma mun san akwai ranakun Disamba da Janairu da ko ƙarshen layi ba a gani a Kano. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake kiran a kafa kulob, maimakon kowa ya sayi nasa ya yi gaban kansa. A kulob akwai babban malamin tuƙi da ke da ikon ce wa kowa, ko wane ne shi, yau ba za ka tashi ba.

Sai batun tsaro. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara saboda zargin ana kai wa 'yan bindiga makamai ta sama. Damuwar hukumomi tana da tushe. Amma jirgin kulob mai rajista, mai lamba a jikinsa, wanda ke kwana a fili guda, yake kuma miƙa tsarin tafiyarsa ga hukumar kula da sararin samaniya kafin ya tashi, ya fi babur ɗin da ke shiga daji sauƙin sa ido. Abin da ke ɓoye shi ake tsoro, ba wanda ke cikin littafi ba.

Batun tsada ma gaskiya ne. Man fetur na musamman da tsofaffin ƙananan jirage ke sha yana da wuyar samu a ƙasar nan. Sai dai fasaha ta ci gaba. Akwai injinan Rotax masu shan man mota mai kyau, akwai kuma jiragen Diamond masu shan kananzir ɗin manyan jirage, irin waɗanda kwalejin Zariya ta sayo. Sannan ba dole ne mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ba. A ƙasashen da abin ya kafu, mutum goma ko ashirin ne ke haɗa kuɗi su sayi jirgi ɗaya, kowa ya biya gwargwadon awannin da ya yi. Mu da muka gaji adashi ba sai an koya mana wannan ba. Kuma duk wanda ya san abin da ake kashewa a kan dawakin folo a Katsina da Kano da Kaduna, daga harawa zuwa likita zuwa masu kula da barga, ya san cewa manyanmu ba su taɓa jin ƙyashin kashe wa sha'awa kuɗi ba. Folo ta rayu a Arewa ne saboda sarakuna irin su Muhammadu Dikko da Usman Nagogo sun riƙe ta da kansu, sun kafa mata tsari. Abin da jirgi ya rasa ke nan.

Saboda haka ina da kira guda uku. Na farko ga tsofaffin matuƙa da injiniyoyinmu da suka yi ritaya, tare da likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa masu hali: su haɗu su kafa kulob ɗaya tak na gwaji a Zariya ko Kaduna, da jirgi biyu da malami ɗaya, su kuma ware rana guda a wata don ɗaliban sakandare, maza da mata. Na biyu ga hukumar NCAA da Hukumar Kwastan: su bambanta tsakanin jirgin alfarma na hamshaƙi da jirgi mai kujera biyu na koyo, wajen kuɗin rajista da haraji da yawan takardu, ba tare da sassauta ƙa'idar lafiya ko ta ƙwayar zarra ba. Na uku ga gwamnoninmu: filin jirgin da aka gina da kuɗin talakawa bai kamata ya zama wurin kiwon ciyawa ba. A ba kulob rumfa guda a gefe.

Jiragen 1925 sun sauka a filin dawaki, suka tashi suka bar mu da dawakinmu. Ba laifi ba ne, doki abin alfaharinmu ne. Amma idan aka sake wasu shekaru 100 jikokinmu na zaune a kujerar baya suna jiran baƙo ya zo ya tashe su, to ba talauci za a zarga ba. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu ikon gyarawa.