Saurin Mai Rubuta Direba, Asarar Mai Waya

Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu, Tecno ne ko itel ko Samsung, a kan Android suke tafiya, shi kuwa Android a kan kanel ɗin Linux aka gina shi. Kanel shi ne ƙwayar da ke tsakiyar tsarin, wadda ke raba aiki tsakanin manhajoji da sassan ƙarfen na'ura. A cikinsa akwai wata ɗabi'a ta masu rubuta direbobi da nake ganin ta cancanci suka a fili: tayar da na'urar da ke barci daga cikin mai amsa katsewa.

Idan aka taɓa fuskar waya, ko saƙo ya shigo, sashen da abin ya shafa yakan aika wa masarrafi alama ya dakatar da abin da yake yi. Wannan alama ita ce katsewa. Ɗan gajeren umarnin da ke karɓar ta yana da ƙa'ida guda mai tsauri: ba ya barci, ba ya jiran kowa. A ɗaya ɓangaren kuma, tun daga Linux 2.6.32 na shekarar 2009, tsarin da Rafael Wysocki ya jagoranci kafawa yana ba kowace na'ura damar yin barci ita kaɗai alhali wayar tana kunne, domin a adana batir. Farkawa daga wannan barci kan ɗauki lokaci: sai wuta ta daidaita, sai agogo ya tashi, wani lokaci sai an yi magana da na'urar ta layin I2C, wanda shi kansa jira yake buƙata. To, ga rikicin: katsewa ta zo tana neman na'urar da ke barci, mai amsa ta kuma an haramta masa jira.

Alan Stern ya samar da wata mafita mai suna pm_runtime_irq_safe, wadda ta shiga Linux 2.6.38 a 2011. Direban da ya ɗaura wannan alama ya yi alkawarin cewa tayar da na'urarsa da kwantar da ita ba za su haɗa da barci ba, don haka ana iya yin su a tsakiyar katsewa. Layi ɗaya ne tak, kuma a nan jarabar take.

Amma na'urori a cikin kanel jere suke kamar zuri'a, kowace tana da uwar da take rataye a jikinta. 'Ya ba ta farkawa alhali uwarta na barci, tayar da uwa kuwa yana iya buƙatar jira. Saboda haka da zarar an ɗaura alamar, kanel yakan tayar da uwar ya hana ta komawa barci. Haka nan yankin wutar da na'urar ke ciki, in ba a gina shi don wannan aiki ba, kunne zai zauna. Ƙari a kan haka, duk lokacin da ake tayar da na'urar, ƙofar sauran katsewa a rufe take a kan wannan masarrafi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce wutar da ake asara kaɗan ce. Kaɗan a wurin wa? Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta karɓi ɗimbin mutanen da suka baro Khartoum da Jazira, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. A can, Hausawan garin da maƙwabtansu da waya suke karɓar kuɗi ta manhajar Bankak ta Bankin Khartoum, da ita suke jin labarin 'yan'uwan da hanya ta raba su. Wanda ke biyan kuɗin caji a shago shi ya san darajar awa guda ta batir. Injiniyan da cajarsa ke maƙale a bango dare da rana ba shi ne ya kamata ya yanke wannan hukunci ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi: akwai na'urori, irin wasu masu jigilar bayanai zuwa ma'adana da wasu agogunan tsarin, da dole a taɓa su inda ba a barci. Na amince. Domin irinsu aka ƙirƙiri alamar. Sai dai larurar 'yan tsiraru ba ta zama izini ga kowa ba, musamman da yake akwai hanyoyi biyu a buɗe. Ta farko, tun Linux 2.6.30 Thomas Gleixner ya shigar da katsewa mai zare: ɗan guntun farko ya amsa alamar ya yi shiru da ita, sauran aikin ya koma wani zare da aka yarje masa barci. Ta biyu, pm_runtime_get yana ajiye buƙatar farkawa a layi ya dawo nan take, aikin ya biyo baya. Dukkansu sun fi wahalar rubutu, domin sai direba ya san inda zai ajiye bayanan da suka iso kafin na'ura ta farka. Masu kula da direbobin OMAP na kamfanin Texas Instruments sun sha wannan wahala daga baya, suna bin direbobi ɗaya bayan ɗaya suna cire alamar domin sassan da ke sama su sami barci.

Saboda haka, ɗalibin da ya ci karo da wannan layi a cikin direba ya tsaya ya tambaya: wace uwa ce aka hana barci, kuma me ya hana aikin komawa zare? In marubucin ba shi da amsa a rubuce, bai kamata a karɓi direbansa ba.