Daga Bonga zuwa Bagega: wa zai biya diyya?

Ranar 20 ga Disamba, 2011, ana tsaka da loda ɗanyen mai a jirgin dako a rijiyar Bonga ta kamfanin Shell, kimanin kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta, sai bututu ya tsage. Kamfanin da bakinsa ya ce ganga 40,000 ta malale cikin teku. Sama da lita miliyan 6 ke nan, lodin tankokin mai kusan 190 irin waɗanda ke sauke kaya a Gusau.

Ɗanyen mai shimfiɗuwa yake a saman ruwa, ya kashe kifi da ƙwansa, ya ɓata koma da kwale-kwale. In ya kai gaɓa, sai ya maƙale a saiwar itatuwan fadama shekara da shekaru. Shell ya ce a teku aka shawo kan malalar. Masuntan Bayelsa da Delta sun ce har ƙofarsu ta iso. Hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai a Najeriya ta ci tarar kamfanin dala biliyan 3.6. Mutum kusan 28,000 kuma suka kai ƙara Ingila, amma a Mayun 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce sun makara, wa'adin shekara shida ya wuce.

A Amurka ba haka aka yi ba. Rijiyar kamfanin BP da ta fashe a Tekun Meziko a 2010 ta kwana 87 tana aman mai, kuma a 2016 kotu ta tabbatar da yarjejeniyar biyan dala biliyan 20.8.

Manomin Nahuce ko Tsafe zai iya cewa ina ruwansa da teku. Mu dai a Zamfara mun san gubar da neman arzikin ƙasa ke bari. A 2010 ɗin nan ne gubar dalma daga daka duwatsun zinare ta hallaka yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka gano musibar. Bagega kuwa, ɗaya daga garuruwan da gubar ta shafa, sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan an yi ta roƙon Abuja ta saki kuɗi, yara na wasa a tsakar gidajen da gubar take. Abin takaici ne ƙwarai. Masunci a Bayelsa da uwa a Bagega jira ɗaya suka yi, hukuma ɗaya suka jira.

Ga shi tun Nuwamban 2022 an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, yankin da jama'a ke rayuwa da noma da kiwo da ruwan rijiya.

Muna kira ga 'yan majalisarmu na tarayya, musamman na Zamfara, su gyara dokar NOSDRA ta 2006. A wajabta wa duk kamfanin da zai haƙi mai ko ma'adinai ya ajiye kuɗin tsaftace muhalli da na diyya kafin a ba shi lasisi, kuma a auna ruwa da ƙasar Kolmani yanzu, a bayyana wa jama'a sakamakon.