Dukan Yamma Ba Ya Gyara Ɓarnar Safe

Bayan da ɓarayi suka haura gidaje biyu a layinmu, wani maƙwabcina ya sayo ɗan kwikwiyo jinsin Alsatian domin gadi. Shi ma'aikaci ne, matarsa malamar makaranta, 'ya'yansu kuma duk ɗalibai. Daga ƙarfe bakwai na safe zuwa huɗu na yamma babu mai numfashi a gidan sai karen. Da ya kai wata bakwai, ɓarna ta soma: takalman da aka bari a bakin ƙofa, sannan tiyon ban ruwa, sannan kayan shanya, sannan sirdin babur. Kowace yamma mai gida ya dawo ya tarar da sabon aika-aika, sai ya ɗauko bulala. Da bulala ta gaza aka koma sarƙa, da sarƙa ta gaza aka bayar da karen kyauta.

Hujjar da ya ba ni ita ce wadda kusan duk mai kare ke bayarwa. "Ai ya san ya yi laifi," in ji shi. "Ina buɗe ƙofa zai maƙale wutsiya ya shige ƙarƙashin mota." Wannan jimla ce nake son mu warware a yau, domin a kanta ake gina duk zaluncin da ke biyo baya. Ra'ayina shi ne, ɓarnar ƙaramin kare da aka bari shi kaɗai tana fitowa ne daga yadda aka tsara masa yini, kuma wanda ya tsara yinin shi ke da ikon gyara ta. Hukuncin da ake yi sa'o'i bayan an yi ɓarnar ihu ne bayan hari.

Fuskar mai laifi

A shekarar 2009, Alexandra Horowitz, masaniyar halayyar dabbobi a Kwalejin Barnard da ke Amurka, ta gwada wannan zato da karnuka 14. Mai kare zai ajiye abinci, ya hana karensa ci, ya fita daga ɗakin. A bayan idonsa, wani lokaci a bai wa karen abincin, wani lokaci a ɗauke. Idan ya dawo, a faɗa masa ko karen ya ci ko bai ci ba, amma ba kullum ake faɗa masa gaskiya ba. Abin da ya fito shi ne, sunkuyar da kai da kawar da ido da maƙale wutsiya ba su da alaƙa da ko karen ya ci abincin. Abin da ke jawo su shi ne faɗan mai shi. Har ma karnukan da ba su taɓa abincin ba, aka yi musu faɗa bisa kuskure, sun fi waɗanda suka ci nuna wannan fuska.

Kare yana haɗa aiki da sakamakonsa ne idan sun zo kusan a tare, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya yaga takalmi da ƙarfe takwas na safe aka doke shi da ƙarfe huɗu na yamma bai koyi komai game da takalmi ba. Darasin da ya ɗauka shi ne dawowar mai gida abin tsoro ce, musamman idan akwai tarkace a tsakar gida. Shi ya sa yake ɓuya. Roƙon sassauci yake yi da harshen da ya iya, mu kuma muna fassara shi da amsa laifi.

Dalilai uku da ake cakuɗawa

Ɓarnar ƙaramin kare tana da tushe uku, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko haƙori ne. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, waɗanda ke soma zubewa daga wajen wata uku zuwa huɗu, haƙoran girma 42 su maye gurbinsu zuwa wajen wata shida ko bakwai. A tsawon wannan lokaci dasashinsa na yi masa ƙaiƙayi da ciwo, gwaguya kuma ita ce sauƙinsa. Ban da haka, kare ba shi da hannu. Da baki yake taɓa duniya ya san mene ne mene. Takalmi da sirdin babur suna ɗauke da warin mai gida, suna da taushin da haƙori ke so, don haka su ne farkon abin da zai nufa.

Na biyu ƙarfi ne da ba a ba shi wurin fita ba. Daga wajen wata shida kare ke shiga shekarun balaga, kuma a manyan jinsuna wannan zango yana iya kaiwa shekara ɗaya da rabi ko biyu. Wani bincike da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya nuna cewa karnuka 'yan wata takwas sun fi yin biris da umarnin mai kula da su fiye da yadda suke yi suna wata biyar, alhali suna bin umarnin baƙo. Wato lokacin da jiki ya fi ƙarfi shi ne lokacin da kunne ya fi tauri. A tuna kuma cewa Alsatian karen kiwo ne da aka samar a Jamus domin ya yini yana zagaya garken tumaki. Idan aka kulle irin wannan dabba sa'o'i tara a tsakar gida mai siminti ba tare da aikin yi ba, zai samar wa kansa aiki.

Na uku shi ne mafi nauyi: firgicin rabuwa. Akwai karen da fitar mai shi ke jefa shi cikin tsananin tsoro. Wannan ba wasa yake yi da kaya ba, neman mafita yake yi. Alamominsa daban ne. Yakan fara haki da kai-komo tun yana ganin an ɗauki makulli. Ɓarnar takan auku ne a rabin sa'ar farko bayan fita, kuma takan tattaru a ƙofa da taga da gindin katanga. Yakan yi ta kuka da haushi, ya zubar da miyau, ya yi fitsari inda ba ya yi, ya ƙi cin abincin da aka bar masa, wani lokaci har ya fasa farcensa ko haƙorinsa. A wani babban bincike da aka yi a Jami'ar Helsinki kan karnuka fiye da 13,000, wanda aka wallafa a 2020, kimanin kashi 5 cikin 100 ne suka nuna matsalar rabuwa. Adadin ba shi da yawa, sai dai su ne waɗanda duka ya fi illatawa, tun da tsoro ake ƙara wa mai jin tsoro.

Hanyar bambance ukun ba ta da tsada. A jingine tsohuwar waya inda za ta ɗauki hoton bidiyo, a fita na minti arba'in. Karen da ya kwanta, ya yi barci, ya tashi ya zagaya, sannan ya kwanta da takalmi yana gwaguya cikin natsuwa, gundura ce ko haƙori. Wanda ya manne wa ƙofa yana yaƙushi da kururuwa tun minti na farko, firgici ne.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne a raba kare da abin da ba a so ya taɓa. Yana da sauƙi har ana raina shi, amma duk ranar da kare ya gwagwiyi takalmi ya ji daɗi, ɗabi'ar ta ƙara kafuwa. A keɓe masa wuri mai inuwa da iska da ruwan sha, mai faɗin da zai iya tafiya ya miƙe. A kawar da wayar lantarki, da maganin ɓera, da kwandon shara. Cakulan da inabi da albasa guba ne ga kare, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji. Kejin ƙarfe a rana, a watannin bazara na ƙasarmu, yana iya kashe kare cikin yini guda, domin da haki yake sanyaya jikinsa, ba ya gumi yadda muke yi.

Na biyu, a gajiyar da shi kafin a fita. Tafiyar rabin sa'a da sassafe, wadda za a bar shi ya sunsuna abin da ya ga dama, ta fi sakinsa a tsakar gida amfani, domin sunsune aiki ne ga ƙwaƙwalwarsa. A ƙara da minti biyar na koya masa zama da kwanciya da zuwa idan an kira shi. Ga kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, a guji dogon gudu. Gajerun fita da wasa sun isa.

Na uku, a ba bakinsa abin da aka yarda ya gwaguya. Akwai kayan wasa na roba mai tauri da rami a ciki, irin su Kong, da ake cusa wa abinci. Idan an sa a firji ya daskare, yakan ɗauki kare lokaci mai tsawo kafin ya cinye. Inda babu wannan, a watsa abincin safensa a ƙasa ya bi yana nema, maimakon a zuba masa a kwano ya haɗiye cikin minti biyu. Idan aka kama shi da takalmi a baki, a karɓa cikin natsuwa, a miƙa masa nasa, a yaba masa idan ya kama. Kada kuma a ba shi tsohon takalmi, domin bai san bambancinsa da sabo ba.

Na huɗu, zaman kaɗaici abu ne da ake koyarwa. A fara da fita ta minti ɗaya, a dawo ba tare da hayaniya ba. Gobe minti uku, jibi biyar, ana ƙarawa muddin karen yana cikin natsuwa. Idan ya firgita, an yi sauri, sai a koma baya. Ga mai firgicin rabuwa wannan aiki yana ɗaukar makonni ko watanni, kuma a tsawon lokacin bai kamata a bar shi fiye da abin da zai iya jurewa ba, ko da za a roƙi ɗan'uwa ko mai gadi ya zauna kusa. Idan abin ya yi tsanani a nemi likitan dabbobi. Akwai magunguna irin su clomipramine da fluoxetine da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da su kan wannan matsala, tare da horo. Likita ne kaɗai zai rubuta su.

Sai batun tsawon lokaci, wanda babu dabarar da za ta kauce masa. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA a Birtaniya tana ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da sa'o'i huɗu. A Suwidin, ƙa'idojin hukumar aikin gona sun nemi a fitar da kare aƙalla duk bayan sa'o'i shida da rana, 'yan kwikwiyo kuma fiye da haka, sun kuma hana ajiye kare a rufaffen keji sai don tafiya da makamantanta. Gidan da zai zama babu kowa sa'o'i tara yana bukatar wanda zai leƙo da tsakar rana.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce wannan tarairayar Turawa ce, iyayenmu sun yi kiwon karnuka ba tare da ita ba. Gaskiya ne sun yi, amma a duba yadda karen nasu ke yini. Karen mafarauci yana bin ubangidansa daji, karen makiyayi yana tare da garke, na ƙauye yana yawo da 'yan'uwansa ya kwanta a inuwar rumbu inda mata ke daka. Babu ɗayansu da ya san kaɗaici. Karen da ke bayan doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, a gidan da kowa ke fita aiki, sabon abu ne a wurinmu. Mun shigo da jinsin da salon ajiyewar, muka bar ilimin da ke tafiya da su.

Wani kuma zai ce shi karen gadi yake so, kuma kulle da duka su ke sa kare zafi. Zafi suna sa shi, amma irin zafin da ba ya bambance ɓarawo da yaron maƙwabta. A wani bincike da likitocin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa a 2009, kashi 43 cikin 100 na karnukan da masu su suka doka ko suka shura domin horo sun mayar da martani da faɗa. Gadi na bukatar karen da ya natsu da mutanen gidansa har ya iya gane wanda ba nasu ba. Wanda ke tsoron hannun mai ciyar da shi haɗari ne ga duk wanda ke gidan, musamman yara, waɗanda fuskarsu ke daidai da bakinsa.

Akwai kuma mai cewa ba shi da lokacin duk wannan. Wannan ce hujjar da na fi girmamawa, domin gaskiya ce. Amsarta ita ce, wanda ba zai iya ware sa'a guda a rana ba, kuma ba shi da wanda zai leƙa masa gida, bai kamata ya ɗauki kwikwiyo ba. Ya ƙara tsawon katanga, ya sa fitila, ya shiga tsarin sintirin unguwa, ko ya nemi babban kare da ya riga ya natsu. Kwikwiyo alkawari ne na shekara goma ko fiye, kuma shekara biyun farko su ne masu wuya. Dabbar da mutum ya kulle ta zama amana a hannunsa, tun da ya hana ta neman wa kanta abinci da inuwa da abokin zama.

Karen maƙwabcina ya koma hannun wani mai lambu a bayan gari. Na gan shi bayan wasu watanni yana bin mutumin daga wannan kwami zuwa wancan, idan an tsaya ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na tambayi mai lambun ko yana masa ɓarna. Ya ce tiyonsa yana nan shimfiɗe yini guda a gaban karen, bai taɓa sa masa haƙori ba.