Wayar da ke hannun yaran Kudancin Kaduna: doka na Abuja, haɗari na gida

A garuruwan Kudancin Kaduna, daga Kafanchan zuwa Kwoi da Zonkwa, larura ce ke fara kai waya hannun yaro. Tun bayan sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist a watan Yulin 2021, iyaye da dama a jihar na ganin waya a matsayin hanyar sanin halin da ƴaƴansu ke ciki. Ga kuma hukumar JAMB, wadda ke buƙatar lambar NIN da lambar waya daga duk mai neman shiga jami'a, alhali ɗan shekara 16 na iya zama jarrabawarta.

A nan ne giɓin farko yake. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya yi rajistar layi da sunansa. Saboda haka sai a yi rajista da sunan uba ko yaya, layin kuma ya zauna a hannun yaro. A takarda babba ne ke riƙe da wayar, kuma kamfanonin sada zumunta na karɓar duk shekarun da aka rubuta musu.

Dokoki kam akwai su. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta wajabta samun amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta hotunan batsa na yara da cin zarafi ta intanet. Jihar Kaduna ma tana da dokar kare yara tun 2018. Sai dai amincewar iyaye ba ta da wani nauyi idan uban da ke noman citta a Jaba ɗansa ne ke karanta masa saƙon banki.

Haɗarin da ke tafe iri biyu ne. Na farko damfara da barazanar tona asiri: a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya waɗanda ke yaudarar mutane su aiko da hotunan tsiraici, sannan a nemi kuɗi. Na biyu ya fi kusa da wannan yanki. Binciken BBC a 2018 ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka rura wutar rikici a jihar Filato mai maƙwabtaka. Kafanchan, wadda ba ta manta da rikicin 1987 ba, ta san abin da jita-jita ke haifarwa tun kafin zuwan WhatsApp. Yau matashi ɗaya na iya isar da ita ga unguwa guda cikin minti ɗaya.

Wasu na ganin a bi sawun Ostireliya, wadda a 2024 ta yi dokar hana ƴan ƙasa da shekara 16 mallakar shafukan sada zumunta. Amma hani na buƙatar hanyar tantance shekaru, kuma inda ake aron waya da layi tsakanin ƴan'uwa, abin zai tsaya a takarda.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne hukumomin NCC da NITDA su kai wayar da kai cikin Hausa da harsunan yankin, irin su Jju da Tyap da Hyam, ta coci da masallaci da ƙungiyoyin iyaye da malamai. Ma'aikacin da ke Abuja kuwa, wanda sau da yawa shi ke aika wa ƙanensa waya, zai iya sanya manhajar Family Link kafin ya miƙa ta, ya kuma tabbatar wa yaron cewa idan aka yi masa barazana ya faɗa, ba za a hukunta shi ba. Mai barazana da shirun yaro yake cin kasuwarsa.