Dokar bindiga a Amurka: Me goyon bayan ƙananan hukumomi zai iya sauyawa?

A watan Yunin 2023, gwamnan jihar Kalifoniya, Gavin Newsom, ya nemi a yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyara na 28 domin taƙaita mallakar bindiga. Buƙatunsa huɗu ne: a ɗaga shekarun sayen bindiga daga 18 zuwa 21, a binciki tarihin duk mai saye, a sanya wa'adin jira kafin a miƙa masa makamin, sannan a hana farar hula sayen bindigogi masu kama da na yaƙi.

Ƙananan hukumomi, wato majalisun birane da na gundumomi, ba su da ƙuri'a ko ɗaya a gyaran kundin. Iyakarsu su zartar da ƙudurin goyon baya. Amma suna da dalilin damuwa fiye da kowa, domin su ne ke tura 'yan sanda da motocin asibiti idan an buɗe wuta, kamar yadda ya faru a Monterey Park a Janairun 2023, inda aka kashe mutum 11.

Haka kuma kotu ta rusa wasu daga cikin dokokinsu. A 2008 Kotun Ƙoli ta soke dokar birnin Washington da ta hana mallakar ƙaramar bindiga, tana mai cewa gyara na 2 ya bai wa kowane mutum wannan 'yanci. A 2010, a shari'ar birnin Chicago, ta ce hukuncin ya hau kan jihohi da birane. A 2022 kuma ta ce dole duk wata dokar bindiga ta dace da tarihin dokokin ƙasar. Ban da haka, yawancin jihohi sun hana biranensu yin dokar bindiga tasu.

Wannan ne ya sa gyaran kundi ke da farin jini a wajen masu son a tsaurara: shi kaɗai ne kotu ba za ta iya sokewa ba.

Sai dai lissafin yana da tsauri. Hanyar da Newsom ya zaɓa na buƙatar majalisun jihohi 34 cikin 50 su nemi a kira babban taro, sannan jihohi 38 su amince da abin da ya fito. Ba a taɓa gyara kundin ta wannan hanya ba, kuma rabon da a amince da wani gyara tun 1992. Majalisar Kalifoniya ta amince da kiran a Satumban 2023, amma shekara guda bayan sanarwar babu jihar da ta bi sahunta. Hatta wasu 'yan jam'iyyar Democrat sun ja baya, suna tsoron taron ya taɓa wasu 'yancin da ba a kira shi dominsu ba.

Saboda haka ƙudurin ƙaramar hukuma matsin lamba ne kawai ga 'yan majalisar jiha. Kuma zai fi tasiri idan ya fito daga biranen jihohin da 'yan Republican ke riƙe da majalisa, irin su Texas, inda matashi ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai biyu a Uvalde a 2022. A can ne ƙuri'un da ake nema suke.