RA'AYINMU: A Karanta Wa Makiyayi Takardarsa Ta Asibiti

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, kowannenmu ya san yadda ake yi a asibiti. Likita ya duba ka, ya sunkuyar da kai ya yi rubutu da Turanci, ka karɓi magani ka fita, alhali ba ka san sunan ciwon da ke jikinka ba. In sauƙi bai zo da wuri ba sai zargi ya shiga, a ce likitoci kuɗi kawai suke so, a koma wajen mai sayar da ƙwayoyi a kasuwar Muwailih.

Mu a ganinmu wannan duhun kai ne ke ɓata tsakaninmu da su. Ga misali: zazzaɓin Maltiya, wanda ake ɗauka daga ɗanyar madara, shi ne bakkale a jikin shanu. Yana kama da zazzaɓin sauro, amma maganinsa iri biyu ne, ana sha har mako 6. Wanda aka karanta masa takardarsa ya san haka, ba zai ajiye magani ranar da jiki ya yi sanyi ba, balle ciwon ya dawo ya ɗora wa likita laifi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara mana darasi. An daɗe ana gwabzawa a Alshajara saboda barikin tankokin yaƙi, asibitoci da yawa a Hartum da Umdurman suka rufe, jama'a suka watsu. Mai ciwon sukari ko tarin fuka da ya fita da takardarsa, kuma ya san abin da ta ƙunsa, ya ci gaba da magani inda ya sauka. Wanda ya baro tasa sai an fara gwaji daga farko. Mu da muke bin ruwa da ciyawa, kowace shekara haka muke sauya likita.

Wasu likitoci na tsoron kada maras lafiya ya firgita ko ya dame su da tambaya. An gwada abin a Amurka a 2010 da likitoci 105. Bayan shekara guda, kashi 99 cikin ɗari na marasa lafiyan da suka ba da amsa sun so a ci gaba, kuma babu likitan da ya janye.

Saboda haka muna roƙon likitoci su fassara mana abin da suka rubuta da Larabci ko Hausa: sunan ciwo, sunan magani, da ranar dawowa. Mu kuma mu yi tambaya cikin ladabi, domin matambayi ba ya ɓata. Mu tafi da ɗan makaranta in da hali, kuma kada mu ɓoye jiƙon da muka sha a ruga. Mu adana takardar cikin leda kamar yadda muke adana ta allurar shanu.

Allah Ya ba marasa lafiyanmu sauƙi, amin.