Lissafi Mai Zurfi: Farillar Kowa Ce Ko Farillar Wasu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan fili, musamman na Dudunni da kewayenta, daga Kusada har Kankiya, yau za mu yi magana a kan wani al'amari na makarantun boko, wanda da jinsa za a ce ba ruwan mai allo da shi, ba ruwan mai awo, alhali kuwa ku ya fi shafa.

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Dokta Tunji Alausa, ta ba da sanarwa cewa wanda zai shiga jami'a don karatun adabi da danginsa ba lalle ne sai ya ci lissafi a jarrabawar fita sakandare ba, amma masu neman kimiyya da fasaha da ilimin zaman jama'a tilas su ci. Da surutu ya yi yawa sai ma'aikatar ta sāke fitowa ta yi bayani, ta ce kowane yaro tilas ya yi rajistar lissafi ya zauna jarrabawarsa, sharaɗin shiga jami'a ne kawai aka sassauta. Tun daga nan mutane suka rabu. Wasu suka ce madalla, an sauke wa yara kayan da ya danne su. Wasu suka ce an yi ɓarna, har akwai masu ganin kamata ya yi a ƙara, a ɗora wa kowane yaro na manyan azuzuwa uku lissafi mai zurfi, ya so ko ya ƙi.

Kafin a yanke hukunci sai a san abin da ake gardama a kansa, domin lissafin sakandare iri biyu ne. Akwai na gama-gari, wanda kowa ke yi: tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, ɓangarorin adadi, kashi cikin ɗari, awon fili, da nemo adadin da ya ɓuya. Akwai kuma mai zurfi, wanda hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO ke yi wa takarda ta dabam, ba a kuwa tilasta shi, mai so ke ɗauka. A cikinsa ake koyon yadda za a auna saurin ƙaruwar abu ko raguwarsa a kowane lokaci, kamar yadda ruwan madatsa ke janyewa da rani, da yadda za a san nauyin da gada za ta iya ɗauka tun ba a zuba siminti ba. Wannan shi ne tsanin injiniya da masanin kwamfuta da mai ƙididdigar ƙasa.

Mu dai a ganinmu malamanmu sun riga sun warware wannan gardama tun kafin a san za a yi sakandare. Sun raba farilla gida biyu, ta aini wadda ke kan wuyan kowane baligi, kamar salla, da ta kifaya wadda in wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya bari gari duka ya yi laifi, kamar sallar jana'iza. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa hisabi tare da ilimin magani cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u, dalilinsa kuwa shi ne ba a ciniki, ba a rabon wasiyya da gado, sai da shi. To, da wannan ma'auni za mu auna.

Lissafin gama-gari, a wannan zamani, ya matso kusa da aini ƙwarai, ba mu kuwa yarda a sassauta shi ga kowa ba. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sarin goro suna ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari, suna riƙe da lissafin wuri dubu ashirin a keso ɗaya, duk da ka. Iyayenmu sun yi ciniki da fam mai sule ashirin da sule mai kwabo goma sha biyu, ranar 1 ga Janairu 1973 aka juya musu kuɗi, fam ɗaya ya zama naira biyu, ba su ruɗe ba. Amma kasuwar yau ta fi ta jiya santsi. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A ce mutum ya sari buhu a kan naira 30,000, ya sayar 36,000, ya koma gida yana murnar ribar 6,000, da ya je sabon sari ya tarar buhu ya kai 40,000. A takarda ya ci riba, a rumbu kuwa kayansa sun ragu. 'Yan kasuwa nawa suka cinye uwar kuɗinsu ta wannan hanya suna tsammanin riba suke ci? Haka nan wanda farashin kayansa ya faɗi da kashi 20 cikin ɗari, sa'an nan ya tashi da kashi 20, yana zaton ya koma inda yake, alhali naira ɗarinsa ta zama 96. Ga zakka kuma, ɗaya cikin arba'in a kuɗi, ushiri a hatsin damina, rabin ushiri a abin da aka sha wahalar ban ruwansa. Wanda bai iya ba, ko dai ya tauye hakkin miskini ko ya dogara da wani ya lissafa masa ibadarsa.

Abin da ya fi ba mu mamaki cikin sassaucin 2025 shi ne waɗanda aka sassauta wa. A cikinsu akwai masu karatun Larabci da addinin Musulunci, watau su ne gobe za a kira in an yi rasuwa a ce su raba gado. Bari mu kawo mas'ala ɗaya da duk wanda ya kai babin fara'ili a Risala ya sani. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Mata tana da tumuni, 'ya'ya suna da sulusi biyu, uwa da uba kowa sudusi. Asalin mas'ala 24 ne: mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. In aka tara sai a sami 27, rabo ya fi dukiya. Sai a yi auli, a raba dukiyar gida 27, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon rabonsa. Ita ce ake kira Mimbariyya, don an ruwaito Sayyidina Aliyu yana kan mumbari aka tambaye shi ya amsa nan take, tumunin matar ya koma ɗaya cikin tara. In abin da aka bari naira 2,700,000 ne, matar za ta karɓi 300,000. Mai rabon da bai iya ba zai ba ta 337,500, ya ci hakkin marayu da na tsofaffi yana tsammanin ya bi nassi. Wannan kuwa mai sauƙin ke nan. Ina ga in wani magaji ya rasu kafin a raba, sa'an nan wani ya bi shi, gona ɗaya ta shekara ashirin ba a taɓa ba, kamar yadda muke gani a garuruwanmu? Ba banza ba ne Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin Aljabru wal Muƙabala a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820, ya ba da babban kashi na littafin ga mas'alolin wasiyya da gado. Daga sunan littafin nan Turawa suka sami sunan fannin da suke koya wa 'ya'yanmu yau, wasunmu na cewa ilimin baƙi ne.

Saboda haka muna roƙon jami'o'i da kwalejojin da ke kusa da mu, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-ma, da Kwalejin Isa Kaita, ko da sun karɓi ɗalibin Larabci ko na addini ba da cin lissafi ba, kada su sallame shi sai ya iya hisabin fara'ili da hannunsa.

Amma lissafi mai zurfi kifaya ne, kuma ba mu goyi bayan a ɗora shi a kan kowane yaro ba. Ba don yaranmu ba su da kai ba ne. Ƙasar nan ta Katsina ita ta fitar da Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya tafi hajji ya zauna Masar, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara wafaƙi mai gidaje mara, har ya rasu a Alƙahira wajen 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan. (Ba maganar abin da ake yi da hatimi muke ba, wannan malamai sun yi saɓani a kansa. Maganar ƙa'idar jera adadi muke, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, wadda masana lissafi ke nazari har yau.) A zamanin boko kuma Arewa ta fitar da Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Kai akwai. Abin da ya yi ƙaranci malami ne.

Duk mai ɗa a sakandaren ƙauye ya san yadda abin yake. Sau da yawa malamin lissafi ɗaya ke zagaya azuzuwa shida, ko kuwa ɗan bautar ƙasa ne da zai shekara ya tafi, wani ma ba fanninsa ba ne, an dai ce ya riƙe. Yaron da ya iso aji huɗu bai iya raba uku cikin huɗu da rabi ba, in aka ce tilas ya ci lissafi mai zurfi kafin ya sami takarda, ɗayan biyu za a yi. Ko ya bar makaranta ya bi motar Kano, ko kuwa a haɗa kuɗi a saya masa amsa ranar jarrabawa. Na biyun ya fi muni, don an koya masa ha'inci da sunan ilimi, kuma da kuɗin ubansa. Dokar da ba a tanadi abin cika ta ba, ƙarya take haifarwa.

Waɗanda suka fi mu kuɗi ma sun gwada sun ji. A Janairun 2023 Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya ce yana so kowane yaro a Ingila ya ci gaba da wani nau'i na lissafi har ya shekara 18. Abin da aka fara tambayarsa shi ne ina malaman, gwamnatinsa kuwa ta faɗi a Yulin 2024 ba a aiwatar ba. Faransa ta bi ɗaya hanyar, ta cire lissafi daga darussan dole na azuzuwan ƙarshe a 2019, sai masu ɗaukarsa suka ragu, musamman 'yan mata, dole ta mayar da awa ɗaya da rabi a mako a 2023 ga waɗanda ba su zaɓe shi ba. Wancan ya so ya ɗora kaya ba jaki, wannan ta sauke ta dawo tana nema.

Sai dai fa a lura, cewa abu kifaya ne ba ya nufin an yafe shi. Ma'anarsa tilas ɗin ya tashi daga kan yaro ya koma kan jama'a da hukuma. In aka wayi gari a duk ƙasar Kusada da Kankiya babu yaro ɗaya da zai iya auna madatsar ruwa ko ya karanta ƙididdigar asibiti, laifin na kowa ne, da mai rawani da mai kanti. Malaman usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Wajibin nan kuwa ba ya cika sai da malami. Don haka dokar da muke so Gwamnatin Jihar Katsina ta yi ita ce, tilas kowace babbar sakandare ta buɗe ajin lissafi mai zurfi, ko da yara biyar ne za su zauna, in kuwa malamai ba su isa ba a ba makarantu biyu ko uku na kusa malami ɗaya da babur, a biya shi abin da zai hana shi gudu birni. Yanzu ɗan birni yana da zaɓi, ya ɗauka ko ya bari. Ɗan Dudunni, in ba a koyarwa a inda yake, ba shi ya bari ba, hana shi aka yi, sai ya je jami'a ya zauna aji ɗaya da waɗanda suka riga shi da shekara uku.

Ku kuma malaman allo, kun fi kowa sanin yaron da Allah Ya ba kai, don ku kuke ganin wanda ke riƙe adadin harji ba ya kuskure. Irin wannan in ya shiga boko kada a bar shi ya zaɓi aji don gudun wahala ko don abokinsa ya zaɓa, yana ɗan shekara goma sha biyar, ya rufe wa kansa ƙofar da ba ta buɗuwa sai da ƙyar. 'Ya mace ma haka, don masu auna maganin yara a ɗakin shan magani da lissafi suke aunawa, ga Makarantar Koyon Aikin Lafiya nan a Kankiya. Attajirai kuwa da suka saba gina masallatai da haƙa rijiyoyi, Allah Ya saka musu, su sani albashin malamin lissafi na shekara guda bai kai kuɗin mota ɗaya ta hatsi ba.

In an kira taron iyayen yara na wannan zango, muna roƙon kowane uba ya je da kansa, kada ya aika, ya tambayi shugaban makaranta malaman lissafi nawa gare shi, nawa ne cikinsu suka karanci fannin, kuma yara nawa ya yi wa rajistar lissafi mai zurfi bara. Amsar da aka ba ku ku rubuto mana, da ajami ko da boko, za mu buga a wannan fili. Wassalam.